Sayen Gidan Farko A Gefen Birni: Wace Araha Ce Shari'a Ta Yarda Da Ita?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya zaunar da bayinSa a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk magidancin da ya taɓa zaman haya ya san ɗacin ranar da mai gida ya aiko masa da takardar ƙarin kuɗi, ko kuwa ta ya kwashe kayansa ya ba da makulli. A wannan rana ne mutum ya kan ƙudura a ransa cewa ko ta halin ƙaƙa sai ya mallaki nasa, domin Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To, amma idan ya tambayi kuɗin fili a tsakiyar birni sai jikinsa ya yi sanyi, daga nan sai ya fara duban garuruwan da ke gefe.

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar Abuja. Tun da Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da kafa sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a cikinsa a watan Disamba na 1991, ƙananan ma'aikata da matsakaita, irin su akawuna da malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan asibiti, suka tarar unguwanni kamar Maitama da Asokoro da Wuse sun fi ƙarfin aljihunsu nesa ba kusa ba. Sai suka fantsama zuwa Gwagwalada da Kuje, da Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Suleja ɗin nan kuwa ita ce mai sunan Abuja tun asali, ta bar wa sabon birni sunan, ta ɗauki na Sarkinta Sulaimanu Barau, ga shi kuma ta zama makwancin dubban masu yi wa birnin hidima. Irin haka ne mutanen Kano su ke gani a Kumbotso da Ungogo, na Kaduna kuma a Rigasa.

Kalmar da dillali ya ke jawo hankalin mai saye da ita a waɗannan wurare guda ɗaya ce, watau araha. Abin tambaya shi ne, yaya Musulmi zai auna wannan araha? Shin idan kuɗin gida ya yi daidai da aljihu shi ke nan magana ta ƙare, ko kuwa akwai wani farashi da a ke biya wanda ba ya fitowa a takardar ciniki?

Kafin a amsa, ya kamata a san abin da a ke nema da gida. A cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya lissafa gidaje cikin ni'imominSa, kuma kalmar da aka siffanta su da ita tana nufin wurin samun natsuwa. Daga tushenta ne Larabawa suka samo sunan mazauni, daga nan kuma aka samo sakina, watau kwanciyar zuciya. Ibnu Hibban ya ruwaito hadisin da ya ƙidaya yalwataccen mazauni cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace ta gari da maƙwabci na gari da abin hawa mai lafiya. Malaman fiƙihu kuma sun haɗu a kan cewa gidan da mutum ya ke zaune ciki ba a fitar masa da zakka. Sabo da haka son mallakar gida ba kwaɗayin duniya ba ne da za a zargi mutum a kansa. Buƙata ce ta ɗan Adam wadda addini ya san da ita.

Amma fa akwai wani bambanci wanda galibin mutane ba su lura da shi ba, alhali kuwa a kansa ne dukkan maganar ta doru. Abin da shari'a ta wajabta wa magidanci shi ne ya zaunar da iyalinsa a mazaunin da ya dace gwargwadon halinsa, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙi ta nuna. Ba ta wajabta masa cewa lalle mazaunin ya zama mallakarsa ba. Wanda ya kama haya ya biya da halaliyarsa, ya sauke nauyin da ke kansa sarai, babu sauran abin da a ke binsa. Mallaka abu ne mai kyau da a ke so, amma ba ta kai matsayin farilla ba, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ba a taka haram domin a kai ga abin da bai wajaba ba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai shiga cinikin gida da natsuwa. Wanda ya manta da shi kuwa zai shiga da gaggawa, ya ga kamar kowace ƙofa ta halatta gare shi.

Shi zaman gefen birni a kan kansa babu aibi a cikinsa, ko da ya ke wasu na jin kunyar faɗin unguwarsu a ofis. Muslim ya ruwaito cewa lokacin da wasu filaye suka zama babu kowa a kusa da Masallacin Madina, mutanen Banu Salima, waɗanda gidajensu ke nesa, suka yi niyyar tasowa su dawo kusa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su zauna a gidajensu, ya sanar da su cewa ana rubuta musu ladan takunsu. A ruwayar Buhari an bayyana cewa ya ƙi a bar sasannin Madina babu jama'a. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi shi kansa ya zauna a Awali, watau unguwannin da ke tudun Madina, har ya zama shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare suna yin karɓa-karɓa wajen zuwa majalisar Annabi: yau wannan ya sauka gari ya komo da labarin abin da aka saukar, gobe wancan. Idan mutum kamar Umar bai ƙasƙanta ba don ya zauna nesa da tsakiyar gari, to, akawun da ke kwana a Masaka ba shi da dalilin sunkuyar da kai. Abin lura a ƙissar kuwa shi ne, nisan bai hana Umar neman ilmi ba, dabara ya nema masa.

To, farashin farko da ba a rubutawa shi ne na hanyar da kuɗin suka fito. A nan harshen Hausa ya kan rikita mutane, domin kalmar riba ana faɗinta ga abin da ɗan kasuwa ya samu a cinikinsa, wanda halal ne, ana kuma faɗinta ga ƙarin da a ke sharɗantawa a kan bashi, watau kuɗin ruwa, wanda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka haramta da kakkausan lafazi. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci ana tarawa, sa'an nan Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba da rance daga ciki. Rancen da aka san asusun da shi yana ɗauke da ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ana biya har tsawon shekara 30. Wanda ya karɓi Naira miliyan 10 a kan wannan sharaɗi, ya biya wata-wata har ƙarshen wa'adi, abin da zai fitar ya haura Naira miliyan 21. Na bankunan kasuwa kuwa ruwansa ya ninka wannan.

Masu ganin halaccin karɓa suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa kuɗin haya zubar da su a ke yi, shekara ashirin mutum na biya bai mallaki ko ƙusa ba. Suna cewa darajar Naira na zubewa fiye da kashi 6 a shekara, sabo da haka a haƙiƙa mai rance bai mayar da fiye da abin da ya karɓa ba. Suna kuma kafa hujja da cewa Majalisar Fatawa ta Turai ta yi sassauci a 1999 ga Musulmin da ke can su sayi gidan zama ta wannan hanya.

Waɗannan maganganu ba na banza ba ne, amma ba su isa su ɗauke haramcin ba. Kuɗin haya ba asara ba ne, domin mutum ya sayi amfanin zama ne ya kuma ci amfanin, kamar yadda ba a cewa kuɗin abinci asara ne don ya ƙare. Game da faɗuwar darajar kuɗi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna mas'alar a Kuwait a 1988, ta tsaya a kan cewa bashi da irinsa a ke biya, ba a ɗaura shi a kan hawa da saukar farashi. A zamanta na Jidda a 1990 kuma ta yi magana a kan gidaje musamman, ta yarda mazauni buƙata ce ta asali, amma ta ce samar da shi ta hanyar bashi mai ruwa haramun ne, ta nuna hanyoyin halal kamar rancen gwamnati marar ruwa da sayar da gida a biya sannu a hankali. Fatawar Turai kuwa an gina ta ne a kan rashin wata mafita a waɗancan ƙasashe, kuma duk da haka malamai da yawa sun yi mata raddi. Larurar da ke halatta haram ita ce wadda mutum zai halaka ko ya tagayyara in bai aikata ba. Wanda ke da rufin haya a kansa, yana cikin ƙunci, amma bai kai wannan matsayi ba.

Balle ma a Nijeriya ba a rasa wata ƙofa ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, na TAJ ya biyo baya a 2019, na Lotus a 2021, dukkansu a kan tsarin da babu ruwa. A irin wannan tsari banki ne ke sayen gidan ya sayar wa mutum da farashi sananne da zai biya kashi-kashi, ko su yi tarayya a mallaka mutum ya riƙa sayen rabon banki har ya ƙare. Sai dai kada mai saye ya ɗauka cewa sunan Musulunci a bakin ƙofa ya ɗauke masa nauyin bincike, ko kuwa lalle zai tarar da sauƙin kuɗi, domin sau da yawa jimlar ba ta gaza ta sauran bankuna ba. Ya tambaya: shin bankin ya mallaki gidan da gaske kafin ya sayar, tun da an hana mutum sayar da abin da ba shi da shi? Shin farashin tsayayye ne, ko zai ƙaru ya shiga aljihun banki idan aka yi jinkiri? In bai gane takardar ba ya kai wa malami masanin mu'amala ya duba masa.

Akwai kuma tsohuwar hanya wadda mafi yawan talakawa suka mallaki gidajensu da ita. Mutum ya shiga adashi ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata mai ba da rance babu ruwa, ya sayi fuloti, baɗi ya ja katanga, wata shekara ya tayar da ɗaki biyu da makewayi ya buga kwano ya tare, sauran ya riƙa ƙarawa yana ciki. Sannu ba ta hana zuwa. An ruwaito daga Hasanul Basari cewa ya kasance yana shiga ɗakunan matan Annabi yana taɓa rufinsu da hannunsa. Wanda ya san haka ba zai ji kunyar ginin da ba a yi wa fenti ba. Abin kunya na gaskiya shi ne gidan da aka yi da cin hanci, wanda kowace bulo a cikinsa haƙƙin wani ce da aka riƙe wa takarda a ofis sai da ya ba da goro. Irin wannan gida ko an yi masa bene uku, mai shi bai sayi natsuwa ba, domin ya san abin da ya binne a harsashinsa.

Farashi na biyu yana cikin ƙasar kanta. Galibin filayen da a ke yankawa a kewayen Abuja gonaki ne na mutanen da suka riga birnin zama, musamman Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, haka nan na kewayen Kano gonakin gado ne. Sau da yawa dalilin arahar fili shi ne wani babban wa ya sayar da gonar gado ba da sanin ƙannensa mata ba, ko akwai marayu a ciki da ba a ware musu rabonsu ba. Mai saye ya kan ji ƙishin-ƙishin, sai ya toshe kunnensa ya ce shi dai ya biya kuɗinsa. Wannan ba zai kuɓutar da shi ba. Lokacin da Annabi ya isa Madina a shekarar Hijira, 622 Miladiyya, filin da taguwarsa ta durƙusa a kai na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Suka so su ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da aka saya aka biya, alhali masallaci za a gina. Idan ɗakin Allah bai hau kan filin maraya kyauta ba, ina ga ɗakin kwanan wani? Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya ci zalin taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Wannan gargaɗi ya haɗa har da mai turo katangarsa ƙafa biyu cikin hanyar jama'a, da mai toshe magudanar ruwa ya juya wa maƙwabcinsa ambaliya.

Sabo da haka bincike kafin saye ibada ne. A je wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabtan fili ta kowace kusurwa, a ga magada ido da ido, a kuma tabbatar a ofishin filaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, kuma sayar da fili mai takardar mallaka na buƙatar yardarsa. Wanda ya raina wannan ya tuna da rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, inda gidaje masu yawa da aka gina ba bisa tsari ba suka koma tarin ƙasa, ya kuma tuna da ambaliyar da ta auka wa Suleja a daminar 2017 kafin ya sayi fili a bakin rafi don ya ga araha. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Mai cewa rubutu tsakaninsa da amininsa rashin yarda ne, ya tuna ba su biyun ne za su yi shari'ar ba, 'ya'yansu ne bayan sun kwanta dama.

Farashi na uku shi ne wanda a ke biya da rayuwa kanta, kullum kaɗan-kaɗan. Ma'aikacin da ke Mararaba ko Suleja ya kan fita tun duhun asuba don gudun cunkoson motoci, ya komo bayan lisha a gajiye tiɓis. Ya bar 'ya'yansa suna barci, ya tarar da su suna barci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin mota ya zama wata hayar ta biyu da a ke biya wa hanya. Mai hankali zai zauna ya lissafa wannan duka kafin ya biya kafin alƙalami. Wa zai kula da karatun yara da sallarsu? Iyaye tsofaffi da aka bari a cikin gari ko a ƙauye, sau nawa za a iya zuwa gaishe su, tun da zumunta a ƙafa ta ke? Matar da aka ɗauke daga cikin danginta aka ajiye a unguwar da ba ta san kowa ba, ita ma tana da haƙƙin a yi shawara da ita. Wannan ba ya nufin a fasa. Yana nufin a zaɓi wurin da nauyin zai ɗauku, a kuma nemi irin dabarar Umar da maƙwabcinsa.

Shi ya sa magabata suka yi wasiyya da a binciki maƙwabci kafin gida. Sabuwar unguwa ba ta da dattawan da suka san asalin kowa, jama'arta daga ko'ina suka taru, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ibo. Haƙƙin maƙwabtaka ya game su duka. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude, yana kafa hujja da yawan wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi wa Annabi game da maƙwabci. Mai tarewa a sabon wuri kada ya tsaya ga tambayar wane irin maƙwabci zai samu, ya tambayi kansa wane iri shi zai zama. Masallaci da makarantar allo da rijiya da maƙabarta da gyaran kwata, duk waɗannan a tsohon gari gadonsu a ke yi, a sabuwar unguwa kuwa suna wuyan waɗanda suka fara zama. Wanda ya ja doguwar katanga ya kulle ƙofa, bai san wanda ya haihu ko ya rasu a layinsa ba, ya sayi gini amma har yanzu baƙo ne.

Ba a kan talaka kaɗai nauyin ya ke ba. Abin da ya kori ƙananan ma'aikata nesa da wurin aikinsu ya haɗa da masu hali da ke sayen fuloti ashirin su kewaye su bar wa ciyawa, suna jiran farashi ya tashi. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya karɓe daga hannun Bilalu ɗan Harisu sashen filin Aƙiƙ da ya kasa rayawa, ya raba wa Musulmi, duk da cewa Annabi ne ya yanka masa. Hukumomi na da abin koyi a nan, haka nan mawadata da ke iya kafa waƙafi ko ba da rance mai kyau ga masu neman rufin asiri.

Gida dai wata rana gado zai zama, kuma shari'a ta gabatar da biyan bashi a kan rabon gado. Magidanci ya dubi abin da zai bar wa 'ya'yansa: ɗaki biyu tsarkakakku a Kuje masu takarda da shaidu, ko babban gida da banki ke riƙe da takardunsa, magadan gona kuma na jiran ranar shiga kotu. Wanda ya yi niyyar saye ya yi shawara da masana, ya yi sallar istihara, sa'an nan ya dogara ga Allah. Wanda hali bai kai shi ba tukuna ya ci gaba da biyan hayarsa da daɗin rai, bai gaza a addini ba, kuma arziki na hannun Mai shi.

Allah Ya hore wa kowane magidanci mazauni na halal, Ya haɗa shi da maƙwabta na gari, Ya kuma sa gidan ƙarshe ya fi na farko kyau. Amin.